Yadda Ake Zaɓen Babbar A-Kori-Kura Mai Injin Turbo, da Yadda Ake Riƙe Ta

Kafin shekarar 2011, in aka ce babbar a-kori-kura 'yar Amurka, irin su Ford F-150, Toyota Tundra, Chevrolet Silverado ko Ram, galibi ba sai an ɗaga bonet ba an san abin da ke ciki: ƙaton inji mai fulogi takwas, mai shan fetur kamar rairayi, mai kuma haƙuri da wulaƙanci. Dokokin rage shan mai da rage hayaƙi a Amurka su suka sauya wannan. Ford ne ya fara saka injin 3.5 EcoBoost mai fulogi shida da turbo biyu a F-150 ta 2011. General Motors ya biyo baya a 2019 da injin 2.7 mai fulogi huɗu kacal a Silverado da Sierra. Toyota ya ajiye injinsa na 5.7 gaba ɗaya daga Tundra ta 2022, Ram kuma ya kawo injin Hurricane a motar 2025. Waɗannan motocin su ne yanzu ke sauka a Legas da Kwatano a matsayin na hannu, kuma mai saye a Kano ko Abuja ko Maraɗi tambayarsa guda ce: wannan ƙaramin injin zai kai ni inda tsohon ya kai mutane?

Amsata ita ce zai iya, amma da sharuɗɗa. Turbo ɗin kansa ba shi ne ya fi kashe waɗannan injuna ba. Abin da ke kashe su shi ne lahanin da wasu shekarun ƙira suka fito da shi daga masana'anta, sai baƙin mai mara kyau, sai zafi. Na farko ana kauce masa kafin a biya kuɗi, sauran biyun kuma suna hannun mai mota.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun tana cusa iska da ƙarfi cikin silinda, a ƙara fetur, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandar tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti, gefen hayaƙin yana kai zafin digiri 900, kuma abin da ke tsakanin sandar da mazauninta siririn baƙin mai ne kawai. Duk shawarar da ke ƙasa daga nan ta samo asali.

Mataki na ɗaya: fara da bakanike, ba da mota ba

Kafin ka je wurin dila, nemi wanda zai riƙa duba motar. Tambaye shi ko yana da na'urar da ake jonawa ta karanta kwamfutar mota, ko ya taɓa buɗe injin EcoBoost, da kuma wane baƙin mai zai zuba mata. In ya ce ai kowace mota a ƙasar zafi 20W-50 ake zuba mata, ka yi masa godiya ka nemi wani. Ka kuma zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi kuɗin turbo ɗaya, da koyil, da famfon fetur mai matsi na irin motar da kake so. Abin da ba a samu a nan ba sai kasuwar Ladipo ta Legas ko oda daga waje, mota tana ajiye makonni.

Ka auna aikinka ma. Wanda motarsa za ta riƙa kwana a ƙauye, tana shan man jarka, gyaranta a gindin bishiya, Hilux mai injin fetur na 2.7 ko tsohuwar Tundra ta 2007 zuwa 2021 sun fi dacewa da shi. Kada kuma a sayi turbo don tsammanin tsimin mai kawai: in motar ba kaya tana tsimi, amma da an ɗora mata nauyi ko an rataya mata tirela, shan manta ba ya da nisa da na fulogi takwas.

Mataki na biyu: san shekarar da kake saye

A nan ake cin riba, a nan kuma ake faɗuwa, domin suna ɗaya yana iya ɗauke da inji iri biyu.

Injin Ford 3.5 na farko, daga 2011 zuwa 2016, yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne kawai. Tunda fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska ya wanke shi, baƙin dauɗa kan taru a can har inji ya fara rawa a silo. Na farko-farkon, musamman 2011 zuwa 2013, sun yi fama da ruwa da ke taruwa a cikin intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar turbo. A lokacin damshi, direba ya taka totur don wuce wata mota, sai ruwan ya shige inji ta yi tsalle-tsalle ta rage ƙarfi. Sarƙar taimin ɗinsu ma takan miƙe in an yi sakaci da juye. A 2017 Ford ya sake injin: ya ƙara nozul na biyu a kowace silinda mai fesawa ta bayan bawul, ya haɗa shi da giya goma. Matsalar dauɗa ta ragu sosai, amma na 2017 zuwa 2020 sun yi suna da ƙarar feza, wato giyar da ke kan kamshaf mai sauya lokacin buɗe bawul. Gyaranta sai an kwance gaban inji gaba ɗaya.

Ƙaramin ɗan'uwansa, 2.7 EcoBoost, ya fito a 2015, kuma a ganina yana cikin mafi jimiri a wannan rukuni, don gangar jikinsa irin ƙarfen da ake yi wa injin dizal ce. Na 2015 zuwa 2017 sukan yi yoyo ta kaskon baƙin mai na roba da ke ƙasan inji. Daga 2018 famfon baƙin mai da bel yake juyawa, bel ɗin kuma cikin man yake wanka, don haka mai mara kyau kan ci shi. A 2024 Ford ya yi kiranyen motoci kimanin 90,000 na 2021 da 2022 masu injin 2.7 da 3.0, har da F-150, saboda bawul da ke iya karyewa ya faɗa cikin silinda.

Tundra ce ta fi ba mutane mamaki, saboda sunan da tsohuwar ta yi. Sabon injin mai lita 3.4 da turbo biyu yana ba da ƙarfin doki 389, ya ɗan ɗara 381 na tsohon, ƙarfin jansa kuma ya fi nesa ba kusa ba. Amma a watan Mayun 2024 Toyota ya yi kiranyen motoci kusan 102,000, Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023, domin an bar ɓurɓushin ƙarfe a cikin inji lokacin ƙira. Ɓurɓushin yana cin metal ɗin da karanshaf ke kwance a kai, inji ya fara ƙwanƙwasa, daga nan ya buga. Maganin da kamfanin ya sanar shi ne sauya injin ɗungurungum kyauta. A watan Nuwamban 2025 aka sake wani kiranyen na motoci kusan 127,000 kan matsala iri ɗaya, ya kai har na 2024, ya haɗa da Lexus GX. Masu Land Cruiser 300 mai fetur su sani cewa injinsu ɗan gida ɗaya ne da wannan. Wasu Tundra na farkon 2022 kuma sun sami matsalar ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi, kuma wurin ya matse har wasu gyare-gyaren sai an ɗaga ɗakin direba daga kan shasi.

Injin 2.7 na Silverado da Sierra, wanda daga baya aka raɗa wa TurboMax, mutane sun raina shi don fulogi huɗu ne. Ƙarfin dokinsa 310, an ƙarfafa shi a 2022, kuma bai jawo surutu irin na sauran ba. Hurricane na Ram mai lita 3.0 da silinda shida a jere yana ba da doki 420, babban kuma 540. Sabo ne, bai daɗe a hanya ba, ba shi da gejin duba baƙin mai na hannu sai dai a duba a allo, babban kuma fetur mai daraja ta sama yake buƙata. Ni ba zan ba mai zama nesa da babban birni shawarar sa ba tukuna. Ram ɗin ma ya dawo da injin Hemi mai fulogi takwas a motar 2026 saboda masu saye sun nema.

Kada wannan ya sa ka ɗauka duk injin da ba turbo lafiyayye ne. A watan Afrilun 2025 General Motors ya yi kiranyen motoci kusan 600,000 a Amurka masu injin 6.2 mai fulogi takwas, na 2021 zuwa 2024, saboda lahani a karanshaf da sandunan fistin. Ba turbo ko ɗaya a jikinsu.

Mataki na uku: binciki lambar shasi kafin ka ba da ko kafin alƙalami

Lambar tana da haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Tabbatar biyun sun zo ɗaya da ta takardun kwastan. Shiga shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, sashen kiranye, ka saka lambar. Kyauta ne, kuma zai nuna maka kiranyen da ba a yi wa motar ba. In Tundra ce ta 2022 zuwa 2024 kuma kiranyen inji yana buɗe, ka bar ta komai kyan fentinta. Gyaran kyauta a wurin dilolin can ake yin sa. Motar da ta riga ta ƙetaro teku, sabon inji daga aljihunka zai fito. In mai sayarwa ya ce an riga an sauya injin, ya nuna takardar aikin.

Sannan ka biya kuɗin rahoton tarihin mota, irin na Carfax. Da yawan motocin da ake kawowa daga gwanjon kamfanonin inshora suke, irin su Copart da IAA. Saka lambar shasin a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito. Bugun gaba shi ne abin tsoro a mota mai turbo, domin intakula da lagireto da tiyoyin iska duk a gaba suke. Wadda ambaliya ta ci kuwa, ko kyauta ce a yi tunani. A rahoton ka duba tazarar juyen baƙin mai, ka kuma gwada mil ɗin da aka rubuta na ƙarshe da abin da mita ke nunawa yanzu. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Mataki na huɗu: je ka same ta da sanyin safiya

Ka ce wa mai motar kada a tayar da ita kafin ka zo. Da isarka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, ka dawo gobe. Yawancin cututtukan nan a daƙiƙu biyar na farko suke magana, da inji ya yi zafi sai su yi shiru.

Kafin a kunna, zaro geji ka ga matakin mai da launinsa. Buɗe murfin zuba mai ka haska ciki: baƙin kitse mai kauri alamar an daɗe ba juye, fari-fari kamar madara alamar ruwa ya haɗu da mai. Duba robar ruwan lagireto, ruwan ya kasance mai launi, ba ruwan rijiya mai tsatsa ba. Leƙa ƙasa ka nemi jiƙar mai a kaskon inji da kewayen turbo, da farin busasshen tabo a bututan ruwan da ke shiga turbo.

Yanzu wani ya kunna, kai kana tsaye a gaba, bonet a buɗe. Ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani na daƙiƙa biyu zuwa biyar, a Ford, feza ce ko sarƙar taimin. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga can ƙasa wadda ke ƙaruwa in an taka totur, metal ne, ciniki ya ƙare. Koma bayan mota ka kalli salansa. Ɗan farin tururi da safe ba komai. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, kuma turbo na cikin waɗanda ake zargi. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne.

In mai motar ya yarda, bakanikenka ya cire tiyon da ke tsakanin turbo da intakula. Ɗan maiƙo a bangon tiyo al'ada ne. Mai kwance har yana zuba, turbo ya fara sakin mai.

Mataki na biyar: na'ura, sannan hanya

A jona na'ura a ramin da ke ƙasan sitiyari. P0299 na nufin turbo ba ya ba da iskar da ta kamata, P0016 ko P0017 taimin ya goce, P0300 zuwa P0306 silinda na fashin wuta. Rashin lamba ba ya wanke mota, don ana gogewa da safe kafin mai saye ya zo. Ka sa a duba gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta; in yawancinsu suna nuna ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. A F-150 allon gaban direba yana nuna awannin da inji ya yi yana aiki da waɗanda ya yi a silo. Motar kamfani mai ƙaramin mil amma dubban awannin silo ta tsufa fiye da yadda mita ke faɗa.

A hanya ka ba ta aƙalla minti talatin. Bayan ta yi zafi, a miƙaƙƙen titi, daga gudun 60 ka taka totur sosai har 110. Ƙarfin ya zo sumul ba tare da shaƙewa ko fizga ba. Siririn fito na turbo daidai ne, amma kuka irin na jiniya ko ƙarar gogar ƙarfe alamar fankar tana taɓa gidanta. Da kun dawo a sake jona na'urar. In cinikin ya kusa faɗawa, biya kuɗin juye da kanka a gabanka, a buɗe tsohuwar filta a duba cikinta a rana. Ƙyalli kamar garin zinariya ko azurfa, metal ne ke narkewa.

Mataki na shida: baƙin mai

Ranar da ka karɓi mota ka yi juye, komai aka gaya maka. Zuba abin da aka rubuta a murfin inji: EcoBoost na F-150 da 2.7 na Silverado 5W-30, sabuwar Tundra 0W-20, kuma cikakken sintetik. Hujjar da ake kawowa ta cewa zafinmu yana son mai mai kauri ba ta aiki a nan. Jihohin Texas da Arizona ma suna haura digiri 40, kuma da wannan man motocin ke yawo a can. Hanyoyin mai na turbo da na feza ƙanana ne, mai kauri yana makara kafin ya isa da safe, a wannan makarar ake cin ƙarfe.

A jikin galan nemi tambarin API SP ko wanda ya biyo bayansa. Motocin General Motors kuma dexos1. Dalili shi ne wata cuta ta injunan turbo masu fesa fetur kai tsaye: a ƙaramin juyi da babban nauyi, fetur kan kama wuta da kansa kafin fulogi ya kunna, bugun kuma yana iya fasa fistin. An gano sinadaran wasu mayukan suna taimaka mata, shi ya sa aka fito da ma'aunin SP a 2020. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, don haka ka saya a wurin babban dila, ka tsaya a buɗe galan a gabanka.

Littafin Tundra ya ce juye duk mil 10,000, amma shi kansa ya rage zuwa 5,000 ga mai bin hanyar ƙura ko jan kaya. Mu duka sharuɗɗan wahalar muna da su: ƙura, zafi, cunkoso, doguwar tsayuwa da na'urar sanyi a kunne. Ni kilomita 5,000 nake ba da shawara, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, da sabuwar filta kowane karo. Duba geji duk mako biyu.

Mataki na bakwai: ruwa, iska da fetur

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu: mota ta sauka, a cire mata tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo. Kada ka bari a yi wa wannan motar haka. Kwamfuta tana lissafin fetur ne bisa zafin inji. Injin da bai kai zafinsa ba yana zuba fetur fiye da kima, rarar ta gangara ta tsinka baƙin mai. Turbo ɗin ma ruwan lagireto ke ratsa shi, ruwan famfo kuwa yana barin gishiri da tsatsa a ƙananan bututansa. Zuba irin ruwan da littafin motar ya ambata. In allurar zafi ta haura, tsaya nan take ka kashe. Kan injunan nan alminiyom ne, zafi ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi.

Lokacin hunturu duba iyakilina, wato filtar iskar inji, duk wata. Kada a busa ta da iska mai ƙarfi, hakan yana huda takardar, ƙurar da ta wuce kuma tana cin fukafukan turbo kamar sanfefa. Sauya ta kawai, ka tabbatar murfin ya zauna daram. A wanke fuskar intakula da lagireto da ruwa mara ƙarfi, don ƙwari da ƙaiƙayi suna toshe su.

Fetur kuwa, zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki ka tsaya a kansu. Man 'yan bumburutu sai dole ta kama. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2022 ya san abin da mai ɗaya ke iya yi wa mota, kuma famfon da ke matsa fetur a waɗannan injuna ya fi na tsofaffi saurin jin ciwo. Fulogi ma turbo yana cinye su da wuri. Ka sauya su wajen kilomita 60,000, na asali, duka a lokaci ɗaya. Kada ka yarda a yi wa kwamfutar motar kutse don ƙarin ƙarfi, kada kuma a fasa tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi.

Mataki na takwas: hannun direba

Da safe ka ba ta rabin minti mai ya zagaya, ka tashi a hankali, kada ka taka sosai sai allurar zafi ta kai mazauninta. Barin ta a silo minti ashirin ba gata ba ne. Bayan doguwar tafiya da gudu, kamar Kaduna zuwa Kano a watan Afrilu, ko bayan jan kaya, ka sassauta a kilomitocin ƙarshe, ka bar ta a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada man da ya tsaya cikin turbo mai zafi ya ƙone ya zama gawayi. In da kaya ko tirela, danna maɓallin jan kaya. Yana riƙe giya ƙasa, inji ya juya da sauƙi maimakon ya yi ta nishi a babbar giya. In direba ka ɗauka, zaunar da shi ka gaya masa waɗannan da bakinka.

Ka kuma gaya masa abubuwa uku da ba a cewa bari mu ƙarasa gida: jar fitilar baƙin mai, fitilar inji mai ƙiftawa, da sabuwar ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Ko a tsakiyar dajin Falgore ne, ya gangara gefen titi ya kashe, ya kira ka a nemo motar ja.